Allon da Ake Takawa

Habibu da Zuwaira, na daɗe ina jin ku kuna raba maganar yayanku tsakaninku kamar naman layya. Kai Habibu ka riƙe cewa ƙarya ya yi wa babanku ya gudu. Ke kuma Zuwaira kin kafe a kan babanku ne ya kore shi. Duk ranar da aka taru cin abinci sai kun tayar da ita, ni kuwa ina zaune ina haɗiye lomata da ƙyar. Lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, abin da kuka sani a bakin mutane kuka tsince shi. Ni a cikin ɗakin nake. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya kori wani, kuma tunda ƙarfina ya fara ja da baya gara in faɗa muku yadda aka yi kafin ku gadar wa 'ya'yanku wannan gardamar.

Babanku, Allah ya jiƙansa, mutumin Maraɗi ne har cikin ƙashinsa. Ya yi shekara da shekaru a kasuwar kayan miya ta Aziziya a nan Riyad yana kula da sauke motocin tumatir da albasa na kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama. Larabci a bakinsa yake, da shi yake ciniki, da shi yake faɗa da direbobi, har barkwanci yake yi da shi. Amma da zarar ya hawo matakalar gidanmu na Ulaisha sai ya tuɓe shi tare da takalmansa a bakin ƙofa. Dokarsa ɗaya ce: a gidan nan duk wanda zai yi masa magana, da Hausa zai yi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ya ga 'ya'yan abokansa da ake miƙa wa waya su gaida kakanninsu, su yi ta rarraba ido. Kun sha jin abin da yake cewa:

"Ƙasag ga ba tamu ba ce. Ranad da aka ce mu tahi, da wane baki za ku roƙi ruwa a Maraɗi?"

A lokacin ban ga laifinsa ba. Yanzu ma in kuna jira in ɗora masa laifin duka, za ku daɗe kuna jira.

Yayanku kuwa a nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta, a lungunan nan ya buga ƙwallo. Hausarsa ta gaisuwa ce da aike da "Umma, yunwa". A waje an ce bakinsa ba ya rufuwa, shi ne mai ba abokansa dariya. A gaban babanku kuwa ya zama yaro mai shiru, har mutane suna yaba masa ladabi, ba su san kalmomi ne suka yi masa kaɗan ba. Ni kuma ga tawa matsalar: ɗan fari ne. Yadda aka rene ni a gidanmu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tsare shi da ido. In ina son sa sai in ce "kai", ko in aike ki, Zuwaira. Maƙwabtanmu Larabawa da sunansa suke kirana, uwar wane, su yi ta dariya ganin ina kau da kai. Ina son yaron nan kamar raina, amma ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi abin da yake so a duniya ba.

A shekarar da nake ba ku labari ya gama sakandare da daɗewa, yana taya wani mai gyaran waya aiki a unguwar Dira. Sai na fara ganin wasu abubuwa. In shiga falo da safe in same shi kwance rub da ciki a kan darduma, sai ya yi wuf ya miƙe tsaye, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, hannuwa a buɗe, ya sake kwanciya ya sake tashi. Na tambaye ki ko lafiya, kika ce motsa jiki yake. In kuma na gifta ta bayansa in hango wayarsa, ba komai a ciki sai ruwa shuɗi yana ta birgima. Na ce a raina yaron Riyad ne, garin da ko tafki babu, dole ruwa ya ba shi sha'awa. Daga baya ya shigo da wata tsohuwar jakar goyo da ya saya a gwanjo, mai igiyoyi rututu, ya rataye ta bayan ƙofa.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo ya durƙusa gaban babanku. Ina gefe ina gyaran zogale, na ji komai da kunnena.

"Baba, ina so ni tafi Magrib."

"Magrib? Yin mi?"

Ya lalubo kalma, sannan ya ce:

"Koyon allo."

Babanku ya ajiye kofin shayinsa. Ku sani, shi ya yi karatun allo a ƙuruciyarsa amma bai kai ga hadda ba, talauci ya fizgo shi, kuma abin yana masa ciwo har ya tsufa. Magrib kuwa, ƙasar da ake ce wa Maroko, a wurinsa ƙasar mahaddata ce, masu karatun Warshu irin namu, waɗanda har gobe a kan allo suke rubutu.

"Da malami a can?"

"Akwai malam. Yana bakin ruwa babba, a Agadir. Mutane daga ko'ina suna zuwa wurinsa."

"Kwana hwa?"

"Ɗaki ɗaya, mutane da yawa, gado bisa gado. In ka share gida, ba ka biya."

"Abinci?"

"Burodi da kifi. Kowa yana dafa nasa. Da asuba ake fita, sanyi sosai. Farko kullum kana faɗuwa, malam ya ce sake."

"Haka karatu yake," in ji babanku. "Allon nan za ka saya ko can?"

"Can, Baba. Tsoho, na hannu. Ya fi araha."

"Madalla. Wanda ya sha wanki ya hi albarka."

Ku duba maganar nan da kyau, ku nuna mini ƙarya ɗaya a cikinta. Katakon da ake hawa a kan igiyar ruwa, da Larabci "lauhu" ake ce masa, sunansa ɗaya da allon karatu. Yaron ya ɗauko kalmar da ya sani ya sa mata rigar Hausa, shi ke nan. Ya zo da shirin a hana shi, sai ya ga uban yana share hawaye yana sa masa albarka. Na ga fuskarsa ta canza, alamar shi ma ya ji abin ya zo da sauƙin da bai kamata ba. Ya buɗe baki ya fara da Larabci, "Baba, ya'ani..." Babanku ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Da Hausa, Alaramma."

Sai ya haɗiye maganar ya sunkuyar da kai.

Ni na ga wannan haɗiyewar. Zuciyata ta ce mini akwai saura. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar ba ta fi kalma biyar ba, amma yaya zan tsare ɗan fari da tambaya a gaban ubansa? Maimakon haka sai na samo yadi mai kauri na ɗinka masa jakar allo da maratayi, don kada tawada ta goge a hanya. Ranar tafiyarsa na miƙa masa ina kallon bango na ce, "Ta allonka." Ya jujjuya ta a hannu, ya tuntsire da dariya, ya sumbaci kaina. Shi ya zaci wasa nake masa, ni na zaci murna ce. Ya goya jakarsa, ya rataya tawa a wuya, ya bi jirgi mafi araha, wanda sai da ya kwana a kan bencin wani filin jirgi kafin ya isa.

Akwai abin da ku da kuka girma a nan kun sani, amma 'ya'yanku in a gida suka tashi ba za su sani ba. Duk mai zama a ƙasar nan da iƙama, wato takardar zaman baƙo, in zai fita sai an yi masa izinin fita da dawowa, mai wa'adi. In wa'adin ya cika yana waje, ƙofa ta rufe. Kuma ba mai iya ƙara masa kwana sai wanda yake ƙarƙashin sunansa. Yayanku a ƙarƙashin babanku yake. Babanku da kansa ya yi masa izinin, har yana cewa in karatu ya yi daɗi ya faɗa masa kawai, zai ƙara.

Daga nan babanku bai bar kowa ya huta ba. Kasuwa ta ji, masallaci ya ji, Maraɗi ta ji ta waya. Ɗansa haifaffen Riyad ya bar sanyin na'ura ya tafi neman Alƙur'ani da jaka a baya. In yaron ya kira, hirar ba ta da tsawo, don Hausar ba ta da tsawo.

"Ya allo?"

"Da wuya, Baba. Amma jiya na tsaya."

"Ka tsaya?"

"Na tsaya har ƙarshe, ban faɗi ba."

"Allahu akbar! Haka nika son ji."

Wallahi ko yanzu in na tuna sai dariya ta zo mini, kafin ta iso baki ta koma kuka.

Asiri ya tonu ne a falonmu, wata Juma'a da abokan babanku suka zo cin dambu kamar yadda suka saba. A cikinsu akwai Alhaji Mutari, abokinsa tun na ƙuruciya, mutum ne mai son raha, ba shi da mugun nufi amma ba shi da linzami. Ɗansa ne ya nuna masa wani bidiyo da yayanku ya ɗora a waya. Ina kicin na ji falo ya kaure da dariya, na ji muryar Alhaji Mutari sama da ta kowa:

"Malam, taho ka ga Alaramma bisa allo! Wanga hadda ko kihi sai ya sara mata!"

Ban ji muryar babanku ba ko kaɗan. Da baƙi suka watse na same shi zaune, wayar a hannunsa. Ya miƙo mini. Ga yayanku cikin wata baƙar riga da ta ɗame shi daga wuya har idon sawu, tsaye a kan dogon katako, ruwa ya taso a bayansa ya fi katangar gidanmu, shi kuwa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, hannuwa a buɗe, daidai yadda yake yi a kan dardumata. Zan faɗa muku gaskiya, ban taɓa ganin farin ciki a fuskar yaron nan irin na ranar ba. Babanku bai ga fuskar ba, ƙafafun ya gani.

"Wanga shi ne allon? Allo ne yaka takawa da ƙahwa?"

Kafin magariba ya kira shi, ya buɗe murya yadda zan ji.

"Ka mai da ni abin dariya cikin mutane. Ka dube ni ka yi mini ƙarya."

Yaron ya ɓarke da Larabci, da sauri, muryarsa tana karyewa. Ko ni da Larabcina na cefane na gane rantsuwa yake yi.

"Da Hausa!" Babanku ya daka masa tsawa.

Ba abin da muke ji sai ƙugin ruwa a bayansa. Can ya ce:

"Ban yi ƙarya ba, Baba. Na ce allo."

"Ka dawo kahin wa'adinka ya cika. Ba ni ƙara maka ko yini guda."

"Ka ce ban yi ƙarya ba. In ka ce, zan dawo."

Babanku ya kashe wayar.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan ɗaya ne, a jiki biyu. Na roƙi babanku har na gaji, ya ce in yaron yana son gida ya san hanya. Na ajiye kunya na kira yaron da kaina, ya yi ta zuba mini Larabci yana kuka, ina tsintar ɗaya ina zubar da uku, abin da na iya ce masa kawai, "Ka yi haƙuri ka dawo." Shi kalma ɗaya yake jira daga ubansa. Uban kuma ƙwanƙwasa ƙofa yake jira. Ranar da wa'adin zai cika babanku bai je kasuwa ba, abin da bai taɓa yi ba sai da ciwo. Ya zauna a falo da rigarsa ta fita, duk motsin da aka yi a matakala sai ya ɗaga kai. Shekaru bayan haka yayanku ya gaya mini shi ma ranar ya ɗaure jakarsa tun safe, ya zauna a kan gadonsa na sama da waya a hannu. Haka rana ta faɗi a kansu su biyun.

Ke Zuwaira, ga abin da ba ki sani ba. Mako bai zagayo ba babanku ya fara zirga-zirga a ofisoshi. Ya roƙi kafilinsa, ya roƙi wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ko'ina amsa ɗaya: yaron ya wuce shekarun da ake mayar da ɗa namiji ƙarƙashin ubansa. Da yana ciki da an ci gaba da sabunta masa, tunda ya fita ya makara, sai dai ya nemi nasa kafilin kamar kowane baƙo. Babanku ya dawo gida ranar ƙarshe ya zauna bai cire takalmi ba. Kai kuma Habibu, ga naka. Da zaman yayanku a Magrib ya ƙare, ba shi da inda zai nufa sai ƙasar da ke rubuce a fasfonsa, wadda bai taɓa takawa ba. Da jakarsa a baya ya sauka Maraɗi gidan baffanku, cikin mutanen da gaisuwarsu kawai ya iya. Abin da babanku ya yi ta tsoro tun kuna goye, shi ne ya faru, kuma ta hannunsa ya faru. Ya san haka, ba sai na gaya masa ba.

Yayanku ya jima a Maraɗi yana gyaran waya a bakin kasuwa, har ya tara abin da ya mayar da shi Agadir. Yanzu shi ne malamin da ake zuwa wurinsa, shi yake ce wa Turawa "sake" in sun faɗi. Tsakaninsa da babanku sai gaisuwar sallah, a tsaitsaye. Kun tuna lokacin da babanku ya daina tsawata muku in kun yi masa Larabci? Kun ɗauka tsufa ne ya sanyaya shi. Ba tsufa ba ne. Kuma tun daga Juma'ar nan ban sake jin ya tambayi kowa "ya allo" ba, ko yaran maƙwabta.

Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta, muna asibiti wata azahar, ya ce in kira masa yaron ta bidiyo. Na riƙe masa wayar don hannunsa ba ya iya ɗauka. Da fuskar yayanku ta bayyana, sai na ji abin da ban taɓa ji ba a zamana da shi: babanku yana yi wa ɗansa Larabci. A hankali, yana hutawa, ya ce masa ya faɗi duk abin da ya so faɗa ranar nan, da harshen da ya ga dama, yana saurare. Da yayanku ya buɗe baki, Hausar Maraɗi ce ta fito, tsantsa, irin ta kakanku.

"Baba, bar shi. Yanzu na iya."

Ya zauna ya kwance masa komai. Yadda ake kwanciya a kan allon a tuƙa da hannu, yadda ake zaman jiran igiyar ruwa wani lokaci har rana ta ɗaga, yadda ake gane wadda za ta ɗauke ka da wadda za ta buga ka da ƙasa. Babanku ya lumshe ido yana ji.

"Ba ka nitsewa?"

"Ina nitsewa, Baba, in taso."

"Ba ka yi ƙarya ba. Ni ne ban bari ka gama ba. Ka taho."

A ranar yayanku ya fara neman bizar Umra, don ita ce hanyar da ta rage masa ta shiga garin da aka binne cibiyarsa. Kun san a nan gawa ba ta jiran kowa. Bizar ta fito bayan an yi sadakar bakwai.

Kuna wurin sanda ya iso, amma hankalinku yana kan masu ta'aziyya, ba ku ga abin da na gani ba. Ya tsaya a bakin ƙofar gidan da ya yi rarrafe a cikinsa ya yi sallama, ya jira a ba shi izini. Ya yi baƙi, ya bushe, furfura ta fara fito masa a gemu. A wuyansa jakar da na ɗinka ce, ta koɗe, an sake mata maratayi, a ciki fasfonsa ne da takardar da ta faɗi ranar da zai bar ƙasar. Da mutane suka ragu na same shi shi kaɗai a falo yana kallon inda babanku yake zama. Na zauna a gabansa, na dube shi ido cikin ido.

"Laminu."

Ya ɗago a razane, don bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

"Wannan allon naka, yaya girmansa?"

Ya miƙe ya je bakin ƙofa, ya tako a hankali har ya iso gefen shimfiɗar babanku, ya tsaya.

"Daga can zuwa nan, Umma."

Na dubi tsawon wurin, na dubi jakar da ke wuyansa, wadda ba ta fi taƙi biyu ba. Tambayar ke nan da ta tsaya mini a maƙogwaro ranar da nake gyaran zogale.